KUNAMAR BINDIGA MA TANA DA AWO: DARASI DAGA FILIN GASA ZUWA DAJIN KAMUKU

Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Gwari ya san maharbi, ya kuma san bindigar baushe, wadda waɗansu ke kira harba-ruga. Tun kafin a keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e cikin shekarar 1936, mutanen wannan ƙasa su ke farauta a cikinsa. Cikin 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun namun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,100, aka kuma hana farauta a ciki. Amma fa bindiga ba ta bar hannun mutane ba. Shekarun ta'adin 'yan fashin daji ma sun ƙara yawanta a ƙauyuka, musamman a hannun 'yan sa-kai.

To, a jikin kowace bindiga akwai wani ɗan ƙarfe wanda ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa rai ya rataya a kansa. Shi ne kunama. Maharba sun san cewa idan kunama ta yi tauri, garin jan ta sai hannu ya karkata, harbi ya kauce. Idan kuwa ta yi laushi ainun, ƙaramin tuntuɓe ko reshen itace ya isa ya tashi bindiga. Abin da maharbinmu ya sani da yatsa, masu gasar harbi na duniya sun ɗora shi a kan ma'auni, sun kafa masa doka.

Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atan ta ƙasar Girka cikin 1896. Hukumar da ke kula da shi a duniya, watau ISSF, an kafa ta cikin 1907, hedkwatarta kuma tana birnin Munik na Jamus. Dokarta ta ce kunamar ƙaramar bindigar iska, wadda a ke harbi da ita daga nisan mita 10, kada ta tashi sai an ja ta da ƙarfin da ya kai nauyin giram 500. Wannan daidai ya ke da nauyin ledar ruwan sha guda. A gasar mita 25, inda a ke amfani da harsashi na sosai, mafi ƙarancin nauyin giram 1,000 ne, watau kilo guda. Gasar mita 50 ita kaɗai ba a ɗora wa kunamarta iyaka ba, ita kuwa an fid da ita daga Olamfik bayan wasannin Riyo na 2016.

Mai karatu zai so ya san yadda a ke awon. Alƙalin kayan gasa ya kan tabbata babu harsashi a ciki, a ɗana bindigar, a ɗaga bakinta sama tsaye cak. Sa'an nan a maƙala wa tsakiyar kunamar wani dutsen awo mai ƙugiya, wanda ke ajiye a kan tebur, a ɗaga bindigar a hankali. Idan dutsen ya bar tebur kunama ba ta tashi ba, bindiga ta ci jarrabawa. Idan ta tashi, a sake gwadawa, amma ba a wuce sau uku. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin bayan an gama zagayen share fage a kan zaɓi waɗansu maharba ta hanyar ƙuri'a a sake auna bindigoginsu. Wanda tasa ta gaza, an soke sakamakonsa ke nan, ko da shi ne ya fi kowa maki.

Me ya sa maharba ke son kunama mai laushi har sai da doka ta tsawata? Dalilin yana ga ƙanƙantar abin da a ke bara. Da'irar tsakiya mai maki goma a gasar mita 10 faɗinta milimita 11.5 ne kacal, bai kai farcen babban yatsa ba. Da hannu ɗaya a ke riƙe bindigar, a tsaye, ba jingina, kuma harbi 60 za a yi cikin minti 75. Idan bakin bindiga ya goce da milimita guda lokacin jan kunama, ƙwayar za ta kauce da kusan santimita 3. Saboda haka kowane giram da aka rage sauƙi ne ga yatsa. Doka ta shigo ne domin abu biyu: a daidaita kowa da kowa, kana a tsare rayukan waɗanda ke jere kafaɗa da kafaɗa a filin.

Bindigogin gasa a kan ƙera su da waɗansu 'yan sukurori waɗanda ke ƙara wa sifirin kunama ƙarfi ko su rage, bisa ga bayanin kamfanin da ya ƙera. Galibi jan kunamar hawa biyu ne. A hawa na farko yatsa ya kan ɗauke mafi yawan nauyin, ya tsaya kamar ya ci karo da bango, sa'an nan ɗan matsi kaɗan ya ƙarasa. Gwanaye ba su ajiye nauyin daidai kan iyaka. Su kan ƙara 'yan giram a sama, domin sanyi da zafi da lalacewar ƙarfe su kan sauya ƙarfin sifirin, kada a zo wurin alƙali a sha kunya. Su kan kuma mallaki nasu dutsen awon, su auna a gida kafin su tafi.

A wasannin Faris na 2024 duniya ta yi ta maganar Yusuf Dikec na ƙasar Turkiyya, wanda ya tsaya hannu a aljihu, ba tabarau na musamman, shi da abokiyar gasarsa suka ci lambar azurfa. Mutane sun ga natsuwarsa, amma ba su ga awon da bindigarsa ta bi ba. Shi ma dokar giram 500 ɗin nan ta hau kansa, kamar kowa.

Mu komo gida. Bindigar baushe ba ta da sukurorin gyara. Idan kunamarta ta yi tauri, sai a kai wa maƙeri ya sa magagari ya goge haƙorin da ke riƙe ta. Ƙarfen da aka goge kuwa ba ya dawowa, kuma babu dutsen awon da zai ce an wuce iyaka. Daga nan bindiga ta zama mai tashi da kanta, a kan babur, ko a bayan ƙofar ɗaki inda yara ke wasa. In abin ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma rigakafi ya fi magani.

Ya kamata a tuna cewa Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar kowace bindiga kara zube ba. Bindigar ɗurin baki tana bukatar lasisi daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, bindigar iska daga Sufeto Janar. Ƙaramar bindigar harsashi kuwa tana cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa.

Cikin watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu. Sulhu ba ya kwance bindigar da ke ɗane a bayan ƙofa. Sarakunan maharba da na maƙera su ne mafi kusa da masu riƙe da ita. Dutsen awo ba shi da tsada, kowane maƙeri zai iya zuba shi. Idan suka zauna da hukuma suka tsai da nauyin da ya dace, suka hana goge kunama da ka, suka kuma hana ajiye bindiga a ɗure, za a rage makoki a ƙauyukanmu. Allah ya tsare mu.