Kunne Kafin Harshe: Yadda Ake Rarrabe Baƙaƙe Masu Kama da Juna

A Maiduguri Hausa na cikin harsunan da suka fi yawo a kasuwa da tasha, amma da yawa daga masu magana da ita ba da ita suka buɗi baki ba. Duk wanda ya shiga Monday Market ya kasa kunne zai ji Hausa iri-iri. Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne makomar baƙaƙen nan masu hamza: ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y. A bakin mutane da dama ƙasa takan koma kasa, ɗaki ya koma daki, tsaya ta koma saya. A ciniki ba a rasa gane juna, domin zancen da ke kewaye da kalma yakan fayyace ta. Amma ga wanda zai zauna jarrabawar tsarin sauti, ko ya tsaya gaban allo yana koyar da yara, sarki da tsarki ba abu ɗaya ba ne.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Kanuri ba shi da waɗannan sautuka. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da 'y, amma ba shi da ƙ, shi ya sa wanda ya tashi da shi yakan furta ɗaki daidai, ya zo ya yi tuntuɓe a ƙofa. Masanin nan Trubetzkoy, a littafinsa da ya fito a 1939, ya kwatanta tsarin sautin harshen uwa da rariya: duk sautin da ya shigo kunne sai an tace shi, wanda bai dace da ramukan rariyar ba sai a kai shi ga wanda ya fi kusa da shi. Binciken Werker da Tees na 1984 kuma ya nuna cewa jariri ɗan wata shida yana rarrabe sautukan da ba na harshen gidansu ba, amma kafin ya cika shekara wannan baiwa ta fara dushewa. Ke nan matsalar daga kunne ta faro. Wanda bai ji bambanci ba, da me zai furta shi?

Kada Bahaushe ya ɗauka shi ya tsira. Mu ɗauki harshen mutanen Folan, ƙasar da aka daɗe ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw. Inda muke da s da sh, su suna da uku: s, sz da ś. Ana furta sz da tsinin harshe a ɗage wajen bayan hanƙa, ś kuwa da gaban harshe a matse kusa da ganɗa. Kalmar kasa tana nufin wurin biyan kuɗi, kasza tsaki ne na hatsi, Kasia kuma sunan mace ne. A kunnenmu biyun ƙarshe duk "kasha" ne. Haka lamarin yake tsakanin cz da ć, da kuma ż da ź. Su ma ɗalibansu da suka zo kan baki da baƙi, irin wannan duhu suke shiga. Mu kanmu mun san yadda muke fama da sin da sadi da sa mai ɗigo uku a karatun Larabci.

To yaya ake buɗe kunne? Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta zubin kamantau, wato kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya raba su. A nan akwai tarko, domin rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Fada da faɗa a takarda kamar zubin kamantau ne, alhali wasalin farko na fadar Shehu dogo ne, na faɗa gajere. Mai koyo zai iya cin gwajin ta hanyar sauraron wasali, baƙin kuwa bai ji shi ba. Gara a zaɓi irin sarki da tsarki, ko baki da baƙi jam'in baƙo, inda komai ya yi daidai in ban da baƙin da ake nema. Sai aboki ya riƙa faɗin ɗaya daga ciki ba tare da tsari ba, kai kana nuna wadda ka ji, yana gaya maka nan take ko ka dace. Kada kuma a tsaya ga murya ɗaya. A 1991 Logan da Lively da Pisoni sun horar da Japanawa kan r da l na Ingilishi ta amfani da muryoyin mutane daban-daban, aka kuma ga ci gaba. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan: a naɗi muryar mace da namiji da tsoho, Bakano da Basakkwace.

Bayan kunne sai maƙwallato, domin a can sirrin yake. Ka ɗora yatsa a kan maƙogwaronka. Wajen furta ƙ da ts, waɗanda muke kira tunzurau, tantanin maƙwallato yakan rufe, maƙwallaton ya yi sama ya matse iskar da ke baki, sai ta fita da ƙarfi. Ba iskar huhu ake aiki da ita ba. Saboda haka ka riƙe numfashi, ka yi ƙoƙarin furta k ba tare da ka sake shi ba. Ƙaramar fashewar da za ka ji ita ce ƙ. Sannan ka liƙa mata wasali, da farko da ɗan jinkiri, a hankali tazarar ta ɓace. Su kuwa ɓ da ɗ haɗiyau ne, maƙwallato ƙasa yake yi, kamar mai shirin haɗiyar ruwa. Ni a ganina ƙ ta fi saurin kamuwa, don ana iya jin ta ita kaɗai. Ɗ ce ke neman haƙuri.

Akwai wani bambanci da ko rubutu bai kula da shi ba, wato ra-kaɗe da ra-gare. Bara mai yi wa ubangida hidima da bara ta almajiri harafi ɗaya suke ɗauka, amma a ta farko harshe yakan naɗe ya bugi hanƙa sau ɗaya, a ta biyu tsininsa ne ke karkarwa. Paul Newman, a nahawunsa na 2000, yana ɗora wa ta biyun alama a ka. A aji na ga ɗaliban da Hausa ce harshensu na gado suna gardama kan wace ra ce a wata kalma, sai an sa kowa ya maimaita ta sau uku kafin a daidaita.