Jemage da Guza: Mai Dashe da Mai Yafi

Duk wanda ya san fadamar Rima daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ya san manoman shinkafa iri biyu ne. Akwai mai yafi, wanda ke watsa iri da yawa ya bar wa Allah, abin da tsuntsu da ruwa suka rage shi ne nasa. Akwai kuma mai dashe, wanda ke renon iri a bedi, ya cire ya dasa da hannu yana duƙe cikin laka. A wajen haihuwa, guza mai yafi ne, jemage kuwa mai dashe.

Guza, ɗan'uwan damo amma shi na bakin ruwa, yakan kai mita 2 har wutsiya. Jikinsa ba ya yin ɗumin kansa, shi ya sa da hantsi za ka gan shi kwance a gaɓa yana shan rana, yana zaro harshensa mai baki biyu. Ka matsa kusa, ya faɗa ruwa tsulum. Kifi da kwaɗo da ƙwan kada duk abincinsa ne, ƙwan kajin gida ma bai tsira ba. Da damina, sa'ad da suri ya yi laushi, macen takan haƙa ta zuba ƙwai har kusan 60, ta kama gabanta. Gara ce ke liƙe ramin, ɗumin surin ya yi aikin kwanci. Bayan watanni 'ya'yan su fasa su fito, kowa tasa ta fisshe shi.

Jemage, duk da fiffikensa, ba ya ƙwai. Haihuwa yake, ya shayar da nono. Babban jemagen nan mai cin mangwaro da ɓaure ɗa ɗaya tak uwar ke haifa a shekara. Tana rataye kai ƙasa, ɗan na manne a ƙirjinta, har kiwon dare takan fita da shi yana jariri. Jininsa mai ɗumi ne, don haka ba ya iya dogon azumin da guza ke yi. Kullum magariba sai ya fita nema, yana kashi yana shuka itatuwa. Masu bincike a Accra ta ƙasar Gana sun gano yana iya kai iri nisan kilomita 75.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yara da danƙo a gindin bishiyar da jemagu ke kwana. In ƙwan guza 10 suka lalace, da saura a suri. Uwar jemage kuwa in ta faɗo, da ɗanta take faɗowa, na bana ya tafi ke nan, na baɗi ma babu mai haifarsa.