Daushe da Labuje: Ilimin Ajiye Goro da Sanin Ɗanɗanonsa

Goro ba ya tsira a ƙasar Hausa, domin itacensa yana bukatar inuwar kurmi da ruwan sama mai yawa, amma duk da haka da wuya a sami al'ummar da ta kai Hausawa sanin bambancin nau'o'insa, da iya ajiye shi, da kuma tantance mai kyau daga marar kyau. A garuruwan kwarin Rima, irin su Gulma da Argungu da Birnin Kebbi, goro yana cikin ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya, har sunansa ya zama sunan kyauta ita kanta, kamar yadda ake cewa goron sallah ko goron albishir ko da kuɗi aka bayar. Masana goro suna auna darajarsa da abubuwa biyu, wato ƙasar da ya fito da kuma tsawon lokacin da ya yi a ajiye, kuma waɗannan ma'aunai biyu su ne suka ɗaga sunan labuje da na daushe sama da sauran.

Itacen da ke ba da goron da Hausawa suka fi so shi ne wanda masana tsirrai ke kira Cola nitida, wanda ƙwayarsa take rabuwa gida biyu idan an ɓara ta, ja ce ko fara. Akwai ɗan'uwansa Cola acuminata, wanda ake kira hannunruwa, mai rabuwa gida uku zuwa shida, wanda ya fi karɓuwa a wajen Yarabawa da Ibo, amma Bahaushe ba ya ɗaukarsa da muhimmanci saboda yauƙinsa. Namijin goro kuwa suna kawai ya tara da su, domin itacensa na wani dangi ne dabam. Abin da ke korar barci da gajiya a cikin goro shi ne sinadarin kafeyin, wanda ake samu a gahawa da ganyen shayi, shi kuma baurin da ke kama harshe yana zuwa ne daga wasu sinadarai dangin tanin, waɗanda su ne suke sa ɓarin goro ya rine idan iska ta taɓa shi.

Tarihin Kano ya ambaci goro tun zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), inda ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro 10,000, sannan ya ce a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyoyi zuwa Gwanja, wato ƙasar da ke arewacin Gana ta yau. A ƙarni na 19 fataucin ya kasance a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suke haɗa ayari a ƙarƙashin madugu su nufi kasuwar Salaga, inda goron kurmin Asante yake tsayawa. Ƙasar Kebbi tana kan wannan hanya, domin ayari yakan haye Kwara a Yawuri ko a wajen Illo kafin ya shiga Bargu, kasuwar Jega kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren sauke kaya. Tun da zuwa da dawowa kan ci watanni da dama a bayan jakuna, duk falken da bai iya kula da goro a hanya ba, asara yake kawowa gida, kuma daga wannan tilas ne ilimin ajiya ya samo tushe.

Labuje ya samo sunansa daga Laboji, wani gari a ƙasar Nupe cikin Jihar Neja ta yanzu, inda kurmin bakin rafuka yake ba itacen goro inuwa da danshi duk da cewa yankin yana arewa da ainihin kurmi. Gonakin ba su da yawa, amfaninsu kaɗan ne, kuma masanin al'umma S. F. Nadel, a littafinsa kan Nupe na 1942, ya bayyana yadda Etsu Nupe, wato Sarkin Nupe, yake riƙe da ikon wannan goro. Saboda haka labuje ya zama goron sarakuna, wanda ake aikawa da shi gaisuwa daga fada zuwa fada, a zamanin da masarautar Bida ta Nupe take ƙarƙashin Gwandu. Irin wannan fifita wani ɗan yanki sananne ne a duniya, misali a Bagandi ta ƙasar Faransa, inda gonar inabi ta Romanée-Conti, wadda ba ta kai hekta 2 ba, take ba da ruwan inabin pinot noir mai tsadar gaske, wanda ake ajiyewa shekaru kafin a buɗe. Musulunci ya haramta wancan abin sha, goro kuwa ya zama abin da malami da basarake da talaka suke iya nuna gwanintar ɗanɗano a kansa ba tare da zargi ba.

Daushe shi ne goron da ya kwana biyu a ajiye har ya riski kakar da ta biyo bayan tasa, saɓanin gandi, wato sabon goro mai ruwa a jika. Aikin yana farawa ne tun daga gona, a babbar kaka tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da ake fasa kwanso, a jiƙa ƙwayoyin ko a tara su har farar fatar da ta lulluɓe su ta yi laushi, a murje ta, a wanke, sannan a zuba su a kwando kwanaki kaɗan su yi gumi su tsane. Daga nan sai a ware su bisa girma, daga goriya, wadda ta fi kowanne, zuwa marsa da saranwaga, har zuwa minu, wato ƙanana, a kuma ƙirga su ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. Bayan haka ake shimfiɗa ganyen fita, mai faɗi da santsi, a jera goron a ciki, a naɗe a ɗaure tam, wannan ƙunshi shi ne huhu.

Abin da ya sa ajiyar take da wuya shi ne ƙwayar goro iri ce mai rai, tana numfashi a cikin huhu kamar yadda take yi a gindin uwarta. Idan danshi ya yi yawa sai ta yi tsiro ko ta yi fumfuna, idan kuma iskar hunturu ko zafin bazarar Kebbi, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya same ta, sai ta yanƙwane ta zama kamar itace. Don haka mai ajiya yakan kwance huhu lokaci-lokaci a ɗaki mai sanyi, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya yana juya shi a tafin hannu, yana duba ɗan baƙin ɗigon da ke nuna cewa sankara ta shiga, wato ƙwaron da ke huda ƙwaya ya ci cikinta ya bar gari. Duk wanda ya kamu sai a fitar da shi nan take, domin guda ɗaya kan lalata huhu, sannan a sake ganye, a yayyafa ruwa a bayan huhun gwargwadon yanayi. Kowace kwancewa tana rage yawan kayan, kuma wannan raguwa, haɗe da ladan wahalar watanni, ita ce asalin tsadar daushe.

Mai sanin goro yana fara gwaji da ido, ya ga ko fatar tana da sheƙi ba tabo, sannan ya auna nauyinsa a hannu, ya sa farce a tsagar ya ɓara, yana sauraron ƙarar da ke nuna ƙwayar ba ta yi laushi ba. A baki, gandi yakan zo da bauri mai kama harshe da ɗan yauƙi, shi kuwa daushe, wanda ruwan jikinsa ya ragu, yakan dare a ƙarƙashin haƙori, ɗacinsa ya lafa da wuri, garɗi ya biyo baya, tuƙarsa kuma ba ta cika baki. Ma'auni na ƙarshe shi ne kurɓar ruwa bayan an gama tauna, domin goron kirki yakan sa ruwa ya yi zaƙi a maƙogwaro, abin da matafiya suka daɗe da sani a wuraren da ruwan rijiya yake da kanwa.

Hanyar Gwanja ta fara mutuwa bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, aka kuma yi yaƙin basasar Salaga a 1892, sai fatake irin su Alhassan Ɗantata suka koma ɗauko goro ta teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Manoman ƙasar Yarabawa suka rungumi shuka irin na Gwanja, har Shagamu ta zama cibiya, kuma yau mota tana kai kaya kasuwar Mariri a Kano ko Shagon Goro a Sakkwato cikin kwana ɗaya ko biyu. Gajartar tafiya ba ta kashe son daushe ba, amma ta zo da leda a madadin ganye, ta kuma zo da al'adar zuba maganin ƙwari irin su Gammalin 20 don kashe sankara, alhali sinadarin lindan da ke cikinsa yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Da yake goro ɗanye ake cinsa, ba ya bi ta wuta, abin da aka zuba masa yana isa cikin mai ci kai tsaye, shi ya sa dattawan da suka san harkar suke shinshina huhu kafin su taya, kuma suke komawa wajen mai goron da suka san yana bin kayansa da hannu, ko da ƙwaryarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsada.