Gargaɗi Ga Manoman Inabi: Kada Ku Shigo Da Dashen Da Ba A Bincika Ba

Manoman inabi, musamman na Kudan a Jihar Kaduna da duk masu odar dashe daga ƙetare, ku saurara tun kafin ɓarna ta iso gonakinku. Akwai wani ƙwaro mai suna filoksera, ɗan mitsitsi ruwan ɗorawa, da ƙyar ido ke ganin sa. Saiwar inabi yake tsotsa har ta kumbura ta ruɓe, kuma idan ya kama ƙasar gona, babu feshin da ke fitar da shi.

Daga Amurka ta Arewa ya shiga Turai a jikin dashe. An fara ganin ta'adinsa a kudancin Faransa a 1863, kuma wajen 1890 ya isa yankin Shampen, inda ake yin giyar nan mai kumfa. Sai da manoma suka tumɓuke gonakinsu, suka yi wa inabinsu aure da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, sannan noman ya farfaɗo.

Ku dubi abin da ya rage. A garin Aÿ na yankin Shampen, kamfanin giya na Bollinger na da ƙananan gonaki biyu, Chaudes Terres da Clos Saint-Jacques, inda inabin Pinot Noir ke tsaye kan saiwarsa ta asali. Da shi ake yin Vieilles Vignes Françaises tun 1969, giya mai tsadar gaske, wadda ba kowace shekara ake yin ta ba. A da gonakin uku ne. Ta ukun, Croix Rouge a garin Bouzy, ta tsira fiye da shekara ɗari, amma a farkon shekarun 2000 ƙwaron ya cinye ta, duk da kuɗi da ƙwararrun da ke kula da ita. To ina ga gonar talaka?

Kada wani ya ce wannan matsalar masu giya ce. Filoksera bai san inabin giya da na ci ba. Yana tafiya a saiwar dashe, da ƙasar da ta maƙale a takalmi, fartanya da tayar mota. Mafi muni, itace kan yi shekaru da ƙwaron kafin ganye ya fara rawaya, lokacin kuwa ya riga ya tsallaka gonar maƙwabci.

Don haka kada ku karɓi dashen da bai bi ta hannun hukumar NAQS mai binciken tsirrai ba, ko kyauta ne. Ku tambayi mai sayarwa kan wace saiwa aka yi auren. Baƙo ya wanke takalminsa kafin ya shiga gona, kayan aikin aro ma a wanke su tas. Wanda ya ga inabinsa na tsumburewa wuri guda, abin yana faɗaɗa, ya dakatar da fitar da dashe, ya kira malamin gona a ranar, ya kuma sanar da maƙwabtansa.