Kafin ki ƙwace wayar ɗanki, ki san abin da yake ji

Uwargida, idan ɗanki ya toshe kunne da iyafis, kika jiyo ƙara tana fita kamar injin markaɗe, dakata kafin ki yanke hukunci. Kunne kaɗai yana iya yaudararki. Labarin Trouble, wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka, zai nuna miki haka.

Trouble ta taso ne a yankin Shikago, kuma tana cikin na gaba-gaba a salon da ake kira dum metal. Kiɗa ne mai nauyi da tafiyar hawainiya, jita tana gurnani, waƙar kuma ta mutuwa ce da tsoro da nadama. Salon ya samo tushe daga ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta. Daga baya ya sassauta tsirkiyar jitarsa don rage zafi, sai sautin ya ƙara kauri.

Da za ki saurari faifan Trouble na 1984, wanda aka sani da Psalm 9, ko The Skull na 1985, sai ki rantse kiɗan shaiɗanu ne. Amma mawaƙinsu na wancan lokacin, Eric Wagner, daga Baibul ya riƙa ɗauko yawancin maganarsa: tsoron Allah, tuba da ranar hisabi.

A 1990 suka fitar da faifai a kamfanin Def American na Rick Rubin, kiɗan ya fara sauya kama. Zuwa 1992 da suka saki Manic Frustration, sauyin ya fito fili. Kiɗan ya ƙara sauri, amshi ya yi daɗin rerawa, har akwai waƙa mai sanyi mai suna Rain. Sun karkata ne ga rok mai ɗanɗanon saikedelik, salon shekarun 1960 wanda sautinsa ke juyawa kamar mafarki. A faifansu na 1995, Plastic Green Head, har sun sake rera wata waƙar ƙungiyar Beatles.

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan salo mai daɗin ji ya tashi ne tare da al'adar shan ƙwayar LSD a Amurka da Ingila, sunansa ma daga can ya samo asali. Ba ana nufin duk mai sauraronsa ɗan ƙwaya ba ne. Amma kin ga, kiɗan da ya firgita ki yana ɗauke da wa'azi, wanda ya kwantar miki da hankali kuwa shi ke da tarihin da ya kamata ki sani. Ƙungiya ɗaya ce, shekara takwas kacal tsakanin faifan biyu.

Don haka ki zauna kusa da yaron, ki karɓi kunne ɗaya na iyafis ɗin. Tambaye shi sunan waƙar, ku nemo baitocinta a intanet, ya fassara miki da bakinsa. Sannan ki tambaye shi me ya ja shi gare ta. Idan waƙoƙin baƙin ciki kaɗai yake ji dare da rana, ga rashin barci da ƙin shiga mutane, to damuwarsa za ki bi, ba wayar ba.

Yaron da aka ƙwace wa waya zai ara ta abokinsa. Wanda aka saurara kuwa, gobe da kansa zai kawo miki. Ke me yaranki suke ji? Faɗa mana a ƙasa.