Kifin Teku Ya Mutu a Killace: Wa Za a Tuhuma?

Kifin ado na teku yakan sha doguwar tafiya kafin ya shiga hannun mai shi. Mai nutso ne ya kamo shi a tsakanin duwatsun murjani a gaɓar Filifin ko Indonesiya, ya bi ta hannun dillalai, aka ɗaure shi a leda da ɗan ruwa da iskar oksijin, jirgin sama ya sauke shi a Los Angeles ko Landan, daga nan sai kanti. Binciken da Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa a shekara guda, tsakanin 2004 da 2005, Amurka kaɗai ta shigo da irin waɗannan kifaye sama da miliyan 11, na jinsi 1,802, kuma mafi yawansu daga waɗancan ƙasashe biyu suka fito.

Kifin da ya sha wannan wuya ba a zarcewa da shi babban tankin gilashi inda tsofaffin kifaye suke. Ana fara ajiye shi a tankin killace: ƙaramin tanki, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun roba da zai ɓuya a ciki, da soson tace ruwa, da na'urar ɗumama. Manyan gidajen nuna kifaye sukan bar baƙo a nan kwana 30 a ƙalla. Abin takaicin, a wannan wuri da aka tanada don kare rai ne kifaye da yawa ke mutuwa, ba tabo ba ƙurji. Da daddare kifi ya ci abincinsa lafiya lau, da safe yana kwance a ƙasan tanki.

Yawancin masu kiwo kwalbar magani suke fara rarumowa. Likitocin kifi kuwa da tambaya suke farawa: yaushe suka mutu, kuma wa ya riga wa? Idan kifaye iri daban-daban suka mutu a dare ɗaya, da wuya a ce cuta ce. Ruwan za a tuhuma, ko wata guba, ko ƙarancin iska. Idan manyan suka riga ƙanana, aka same su baki buɗe, oksijin ne ya ƙare, domin babban kifi ya fi buƙatarsa. Idan yau ɗaya ya mutu, gobe biyu, jibi huɗu, to an sami cuta mai yaɗuwa. Wanda ya daɗe yana ramewa kafin ya mutu shi kaɗai, yunwa ce, ko tsutsar ciki, ko wani lahani da ya taho da shi.

A sabon tankin killace, amoniya ce ta farko a jerin waɗanda ake zargi. Kifi yana fitar da ita ta mashaƙarsa, wato jajayen zaren naman nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, inda yake numfashi. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani da suka zauna a soso da duwatsu suna sarrafa ta, amma sukan ɗauki makonni kafin su kafu. Mai kiwo da ya haɗa tanki ranar Juma'a ya zuba kifi ranar Asabar bai ba su wannan lokaci ba. Masu kiwon tarwada a kududdufin siminti sun san wannan matsala sarai, shi ya sa ba sa wasa da canjin ruwa. Sai dai a ruwan gishiri abin ya fi muni. Ma'aunin pH na ruwan teku yana wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma duk hawa ɗaya da ma'aunin ya yi, kason amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau goma. Adadin da kifin kogi zai jure a pH 7 yana iya ƙona mashaƙar kifin teku.

Har a ledar da aka kawo kifin akwai tarko. Bayan kwana ɗaya ko biyu a hanya, amoniya ta taru a ruwan ledar, amma iskar kabon da kifin ya yi ta fitarwa ta sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma ya danne gubar. Da zarar an buɗe ledar, iskar kabon ta fice, pH ya tashi, gubar ta farka. Mai kiwo mai tausayi da ya zauna awa biyu yana ɗiga sabon ruwa a hankali cikin na ledar, wai kifi ya saba, a guba yake jiƙa shi bai sani ba. Kifin zai shiga tanki yana iyo, ya mutu bayan kwana biyu, a ɗora wa mai kanti laifi. Dabarar masu sana'ar ita ce su daidaita gishiri da ɗumin tanki da na leda tun kafin a buɗe, sannan su tsamo kifin nan take. Daidaita gishirin ma ba ƙaramin abu ba ne: lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35, dillalai kuma sukan ajiye kifi a ƙasa da haka, kuma kifi ya fi wahala in gishiri ya ƙaru farat ɗaya fiye da in ya ragu.

Shi kansa maganin yana kisa. Wanda aka fi amfani da shi a killace na jan ƙarfe ne, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe ƙwayar cuta da wanda ke kashe kifi siririya ce ƙwarai. Tsohon nau'insa ana riƙe shi a miligiram 0.15 zuwa 0.20 a lita. Nau'in da ake kira Cupramine ana kai shi 0.5. Wasu nau'o'in da aka ɗaure sinadarinsu sai sun kai wajen 2 suke aiki. Wanda ya ɗauki lambar wannan kwalba ya auna waccan da ita ya gama da kifinsa. Sannan ga wani haɗari da kan faɗa wa mai neman gyara: ya ga amoniya ta hau, ya zuba sinadarin danne ta a ruwan da ke da Cupramine. Kamfanin Seachem da ke yin maganin da kansa ya yi gargaɗin cewa wannan haɗin yana juya jan ƙarfen zuwa wani nau'i da ya fi guba nesa ba kusa ba.

Wani maganin kuma, fomalin, iska yake cinyewa, miligiram 1 na oksijin a kan kowane miligiram 5 da aka zuba a lita. Ruwan teku dama talaka ne ta wannan fuska: a ɗumin digiri 25 yana riƙe kusan miligiram 6.7 a lita, alhali ruwan daɗi yana riƙe sama da 8. A ƙara da ɗaukewar wutar lantarki ta 'yan sa'o'i cikin dare, ba sai an nemi wani mai laifi ba.

Sai an wanke ruwa da magani daga zargi ake juyawa ga cututtuka, kuma mafi sauri a cikinsu ita ce Amyloodinium ocellatum. Masaniya Eleanor Brown ce ta fara bayyana ta a 1931, daga kifayen gidan namun daji na Landan. Mashaƙa take fara kamawa, don haka kifi yana iya mutuwa kafin a ga komai a fatarsa. Mai ido zai lura da numfashi da sauri-sauri, da gudun haske, da kifin da ya je ya tsaya daidai bakin famfo yana fuskantar ruwa mai gudu. In ta bayyana a jiki, kamar an barbaɗa masa garin ƙuli take. Ƙwaya ɗaya in ta ƙoshi ta faɗo ƙasan tanki tana rarrabuwa har zuwa 'ya'ya 256, kowanne yana neman kifi. Wannan lissafi ne ke share tanki cikin kwanaki kaɗan.

Cryptocaryon irritans, mai fararen ɗige-ɗige, ta fi ta suna amma ba ta kai ta gaggawa ba. Yaudara ce makaminta: ɗigon ya ɓace bayan 'yan kwanaki, a ɗauka an warke, alhali ƙwayar ta sauka ne ta hayayyafa, kuma an taɓa ganin ta yi kwana 72 a kwance kafin ta ƙyanƙyashe. Brooklynella hostilis, da aka gano a 1970 a gidan kifaye na New York da ke Brooklyn, ta fi addabar kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamaru wanda fim ɗin Finding Nemo ya fito da shi a 2003. Yauƙi take sa shi zubarwa, kuma jan ƙarfe ba ya yi mata abin kirki, sai fomalin. Nan ne amfanin sanin sunan cuta kafin a buɗe kwalba.

Wani gwaji mai sauƙi shi ne a tsoma kifi mai rai a ruwan daɗi marar kulorin, mai ɗumi da pH daidai da na tanki, na minti biyar, a cikin roba mai duhu. In yana ɗauke da tsutsotsin fata irin su Neobenedenia, waɗanda ba a ganin su a jikinsa, za su yi fari su zube a ƙasan robar.

Gawa kuwa shaida ce mai saurin lalacewa. Ƙwayoyin da ke kan fata suna barin kifi jim kaɗan bayan ya mutu, naman kuma ya fara narkewa a ruwa mai ɗumi. Shi ya sa masana irin su Edward Noga, marubucin babban littafin nan na gano cututtukan kifi, suka fi son a kawo musu kifi mai gargara a kan wanda ya kwana a mace. A kankaro ɗan yauƙin fata, a yanki ɗan ƙaramin zaren mashaƙa, a ɗiga musu ruwan tankin, a duba a madubin likita. Wanda ya jefa gawa a firiza ya ɓata shaidar, domin ƙanƙara tana farfasa nama. A sanyin firji kawai ake ajiye ta, kuma na ɗan lokaci.

Akwai mutuwar da ba ruwan mai kiwo. Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifin ke fesa wa kifi sinadarin sayanayid a ramukan murjani don ya suma su ɗauka, dabarar ta kuma bazu zuwa Indonesiya duk da doka ta hana a ƙasashen biyu. Kifin yakan farfaɗo, launinsa ya yi kyau, amma gubar ta riga ta taɓa kayan cikinsa. Tabbatar da wannan a gida ba ya yiwuwa, saboda haka bai kamata ya zama mafakar wanda bai auna ruwansa ba.

Mai binciken shi ma ya kula da kansa. Mycobacterium marinum, dangin ƙwayar tarin fuka da Joseph Aronson ya gano a 1926 a jikin kifayen da suka mutu a gidan kifaye na Philadelphia, tana shiga ɗan Adam ta ƙaramin rauni a hannu, ta haifar da ƙurji mai taurin warkewa. Duk wanda zai tsamo gawar kifi ko ya wanke tankin killace ya sa safar hannu, kuma in ƙurji ya fito masa, ya gaya wa likita cewa yana kiwon kifi.