Kalmomin Turanci Masu Rikitarwa: Shin Sai An Bi Ƙa'ida A Rubutun Waya?

 A filinmu na yau za mu taɓa wata magana da ta shafi duk wadda ke riƙe da waya tana aika saƙo, watau maganar kalmomin Turanci masu kama da juna, da kuma tambayar nan da ake yawan yi mana mu malamai: shin dole ne sai mutum ya bi ƙa'idar rubutu a WhatsApp da Facebook, alhali kuwa ba jarrabawa ake yi ba?

Wasu suna cewa in dai an gane abin da kike nufi, magana ta ƙare. Wasu kuma sun mai da kansu 'yan sandan Turanci, ba su da aiki sai bin rubutun mutane suna tsintar kuskure. Kafin mu raba wannan gardama, ya kamata mu fara sanin inda rikicin ya samo asali.

Laifin ba namu kaɗai ba ne

Hausar boko yawanci yadda aka faɗe ta haka ake rubuta ta. Turanci kuwa ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne, amma sautukan da ke cikinsa sun kai wajen 44, don haka harafi ɗaya sai ya yi aikin biyu ko uku. Ban da wannan, harshe ne mai yawan aro. A shekarar 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka shigo da dubban kalmomin Faransanci. Sa'an nan a 1476 wani ɗan kasuwa mai suna William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a ƙasar. Daga nan rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, amma bakin mutane bai tsaya ba, lafazi ya ci gaba da sakewa. Shi ya sa har yau ake rubuta harafin k a farkon "knife" da "knee". Da can ana furta shi, yanzu an daina, amma an bar shi a takarda.

Saboda haka, 'yar uwa, in wata kalma ta rikita ki, kada ki ɗauka ƙwaƙwalwarki ce ba ta ja. Turawan da aka haifa da harshen su ma suna tuntuɓe a kan waɗansunsu.

Masu sauti ɗaya, ma'ana dabam

Mu fara da 'yan ukun nan, "there" da "their" da "they're". Ta farko tana nufin can. Ta biyu tana nuna mallaka, watau nasu ko tasu, kamar "their house", gidansu. Ta uku kuwa gajarta "they are" aka yi. Ga dabarar tunawa: in kika cire harafin farko na "there" za ki ga "here", watau nan. To nan da can ai 'yan gida ɗaya ne.

Haka "your" da "you're", da kuma "its" da "it's". Ɗan waƙafin nan na sama alama ce cewa an haɗiye wani harafi. In kina shakka, ki warware kalmar ki karanta. In "you are" ta zauna daidai a cikin jimlar, to mai waƙafi ake so. Don haka in an yi miki godiya, "you're welcome" za ki rubuta.

Sai "lose" da "loose". Ta farko ita ce yin asara ko ɓatar da abu, ta biyu kuwa abin da ya yi sako-sako ko ya yi wa mutum yawa. Ki tuna cewa mai harafin o biyu ita ce mai yalwa, kamar rigar da tela bai tsuke ba. Akwai kuma "advice" da "advise". Mai c suna ce, watau shawarar kanta, mai s kuwa aikatau ce, watau ba da shawarar. A Turancin Ingila, wanda muke koyarwa a makaranta, haka nan "practice" da "practise" suke, amma Amurkawa da c suke rubuta duka biyun. In wayarki ta ja jan layi a ƙarƙashin mai s, mai yiwuwa a kan Turancin Amurka aka saita ta.

Inda Hausarmu ke jan mu

Akwai kurakuran da suka fi kama mu Hausawa, domin bakinmu ya saba da wani abu dabam. Babba a cikinsu shi ne p da f. Mu sauti ɗaya gare mu a wurin nan, Turanci kuwa biyu, kuma kowanne yana iya sake ma'ana. "Pull" ja ne, "full" cikakke. "Pair" abu biyu ne masu tafiya tare kamar takalmi, "fair" kuwa adalci ko hasken fata. A ce mai sayar da kayan girki ta sa talla tana son ta ce tana da cokali mai yatsu, watau "fork", sai ta rubuta "pork". To ta yi shelar naman alade ke nan ba ta sani ba. Haka b da v: "boat" jirgin ruwa ne, "vote" ƙuri'a.

Na biyu shi ne "borrow" da "lend". Da Hausa sai mu ce na ari tukunya, mu kuma ce ara mini tukunya. Na ranci kuɗi, ranta mini kuɗi. Tushe ɗaya ne ga mai karɓa da mai bayarwa. Shi ya sa yarinya za ta ce wa 'yar ajinsu "borrow me your pen". Turanci ya raba su: mai karɓa ita ke "borrow", mai bayarwa ita ke "lend". Abin da ya dace shi ne "lend me your pen", ko kuwa "may I borrow your pen?"

Na uku, "live" da "leave". Ɗaya zama ne, ɗaya tashi. Matar da ta rubuta wa maigida "I want to leave here", alhali so take ta ce ta ji daɗin sabon gida tana son zama, ta faɗi kishiyar abin da ke ranta. Kun ga harafi biyu suna iya sa a kwana ana ba da haƙuri.

Waɗansu kuma saurin yatsa ne kawai ke jawo su. Uwa ta sa hoton jaririyarta ta rubuta "my little angle", ta mai da 'yar kusurwa maimakon "angel". Mai kek ta ce kayanta "sweat" ne, watau gumi, maimakon "sweet". Mai rini ta rubuta "die", mutuwa, a wurin "dye". Kada ki dogara ga mai gyaran rubutu na cikin waya a nan. Shi abin da ya sani kawai shi ne ko akwai kalmar a ƙamus, kuma duk waɗannan suna ciki.

Ɗaya da nake roƙon iyaye mata su riƙe da kyau ita ce "teaspoon" da "tablespoon" a jikin kwalbar maganin yara. Na farko ƙaramin cokali ne na shayi, mililita 5. Na biyu babba ne, mililita 15, watau ninki uku. In kwalba ta zo da ma'auninta, da shi za ki auna, in kuma ba ki gane rubutun ba ki tambayi mai ba da magani. Matambayi ba ya ɓata.

To, a waya fa?

Amsata ita ce, rubutu kamar sutura yake. Zanen da kike ɗaurawa kina shara a tsakar gida ba shi kike sawa ki tafi gidan suna ba, kuma ba wanda zai ga laifinki a kan ko ɗaya. In hira kike yi da ƙawarki ko ƙanwarki, ki rubuta yadda kika ga dama, ki gajarta, ki gauraya da Hausa. Amma in saƙon na neman aiki ne, ko na shugabar makarantar 'ya'yanki, ko tallar turaren wuta da atamfa ga wadda ba ta taɓa ganinki ba, to rubutun nan shi ne fuskarki. Mai saye ba ta ji ƙamshin turaren ba, abin da ke gabanta hoto ne da kalmominki. Da su za ta auna ko ke mai kula ce kafin ta tura kuɗinta.

Shi gajarta kalmomi yana da dalilinsa a da. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 160, kuma kowane saƙo da kuɗinsa. Dole mutum ya rubuta "u" da "pls" don ya yi tattali. Yanzu a WhatsApp babu wannan matsi, amma sabo ya zauna. Abin da ke damuna a matsayina na malama shi ne hannu ba ya bambanta waya da takarda. Ina ganin "u" da "bcos" a littattafan yara, da "am fine" a maimakon "I am fine". Ba don ba su sani ba ne, hannu ne ya riga tunani. Ku 'yan makaranta kun san sai da kiredit a Turanci, watau aƙalla C6 a jarrabawar WAEC ko NECO, ake shiga jami'a, kuma a jarrabawar JAMB Turanci dole ne ga kowa. Yarinyar da ta shekara tana rubuta "their" a wurin "there" ba za ta gyaru a cikin awa biyu na ɗakin jarrabawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma a ɗauka ƙananan abubuwan nan ba su da nauyi a wajen manya. A jihar Maine ta Amurka, direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst sun kai ƙara a kan kuɗin aikin bayan lokaci. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, amma babu waƙafi a wani wuri, sai maganar ta zama mai harshen damo. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan direbobin, a 2018 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5. A 2016 kuma ɓarayin intanet sun shiga kwamfutocin babban bankin Bangaladash suna aika umarnin fitar da kuɗi. A ɗaya daga ciki, na dala miliyan 20 zuwa Siri Lanka, sai suka rubuta "fandation" maimakon "foundation". Wannan ya sa wani banki da kuɗin za su bi ta hannunsa ya tsaya tambaya, aka tare kuɗin.

Akwai darasi a nan gare mu. Sau da yawa saƙon 'yan damfara, irin mai cewa an rufe asusunki ko kin ci kyauta, yakan zo da Turanci a karkace. Matar da idonta ya saba da rubutu mai kyau takan yi saurin tsarguwa. Amma ko da saƙon ya zo tsaf ba kuskure, kada ki ba kowa lambar sirrinki, domin banki ba ya tambayarta.

Hausar ma tana da haƙƙi

In Turancin bai zauna miki ba, ba abin kunya ba ne ki rubuta da Hausa. Sai dai ita ma a ba ta haƙƙinta. Ƙafa dabam, kafa dabam. Baƙi dabam, baki dabam. Wadda ta rubuta "bari" tana nufin "ɓari", ko ta juya su, tana iya tayar da hankalin dangi a banza. Yawancin wayoyin yanzu ana iya sa musu allon rubutu na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Haka kuma raba kalmomi: "ta ce" magana ce, "tace" aikin rariya ne, "ya yi" aiki ne, "yayi" kuwa na atamfa da ɗinki.

Gyara ba tozartawa ba

Ku kuma da Allah Ya ba ilmi, ku ji tsoronSa a kan 'yan uwanku. Mata da yawa aure ya katse musu karatu, waya ce ta dawo da su ga rubutu. In aka yi wa irin wannan dariya a gaban jama'a, sai ta daina rubutun gaba ɗaya, an yi asara ke nan. In kin ga kuskure, ki bi ta ta saƙon da ke tsakaninku ku biyu, ki faɗa mata da lafazi mai daɗi. Ke kuma da aka gyara wa, kada ki yi fushi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma ba duk abin da bai yi kama da na Landan ba ne kuskure. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood". Sai dai a takardar jarrabawa ki tsaya kan abin da malamarki ta koya miki.

Shawarata a ƙarshe mai sauƙi ce. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kalmomin da ke rikita ki, biyu-biyu, kowacce da jimla ɗaya ta kanki. Biyu a mako sun isa, kafin shekara ta zagayo kin haura ɗari. Ki riƙa karanta littafi ko jarida ko da shafi ɗaya ne a rana, domin ido ne ke koya wa hannu. In saƙo mai muhimmanci ne, ki karanta shi sau ɗaya a hankali kafin ki aika. Uwa kuma ta zauna da 'yarta su yi tare, ɗaya ta faɗi kalma ɗaya ta rubuta, kowa ya ƙaru.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.